Geron Kaka da Muka Daka

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Nuwamba, shekarar da nake aji biyar na firamare, ita ce ranar godiya a ƙaramin cocinmu da ke Ƙauran Namoda, bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Tun da sassafe Mama ta tashe ni na share haraba, na yayyafa ruwa, na goge bencina, domin a wannan rana kowane gida yakan kawo damin farko na amfanin gonarsa gaban bagade. A shekarun baya sai an fitar da bencin gaba an jingine a waje saboda dammunan gero da dawa, ga kabewa, ga gyaɗa, ga zakaru ɗaure da ƙafa suna cara a tsakiyar wa'azi, mu yara muna toshe baki kada dariya ta kufce. A wannan shekarar ba wanda ya taɓa bencin gaba. 'Yan dammuna ne kwance, sirara, waɗanda ko ni zan iya ɗauka, sai ƙwaryar wake guda. Matan zumunta suka buga tulu, suka kaɗa caki, suka ɗaga murya kamar kullum, amma na lura Mama tana waƙa idonta a ƙasa. Kowa ya san dalili. Gonakin nesa, na hanyar Banga da na wajen Zurmi, 'yan bindiga sun hana a girbe su, kuma wanda ya yi taurin kai ya tafi ba lallai ne ya dawo ba.

Ikilisiyarmu ba ta da yawa. Akwai jikokin ma'aikatan jirgi da suka yi zamansu bayan jirgin ya daina zuwa, da malaman makaranta biyu, da wani mai facin taya, sauranmu kuwa manoma ne, kakanninmu daga ƙasar Katsina suka zo. Kakana ne ya zo da wani gero mai dogon kai, mai jure ɗaukewar ruwa, mai garɗi a fura, har sunansa ya koma geron Kaka a bakin kowa. Al'adarmu ita ce, idan an tashi daga sujadar godiya, babana Iliya, wanda shi ne dattijo mai kula da iri, sai ya zauna a tabarma ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su da ganyen dogon yaro saboda ƙwari, ya rataye a katakon rufin coci. A kowace igiya yakan huda murfin gwangwani ya zura, don ɓera idan ya biyo igiya ya zame ya faɗo. Da ruwan farko ya sauka sai a sauke, a sussuke, a raba wa kowane gida, har da gwauruwa da wanda bai kawo komai ba. Ni aikina in miƙa masa igiya in cika shi da surutu, don tun ina ƙarama baki gare ni. Ran nan na ce masa abin da ya rataye ko tuwon kwana uku ba zai yi ba, sai ya ce, "Wannan ba abinci ba ne, Rahila, baɗi ce a rataye."

Bayan Kirsimeti mutane suka fara shigowa gari daga ƙauyukan wajen Dauran, yawanci mata da yara da tsofaffi, wasu da tabarma da tukunya a ka, wasu hannu biyu. An ƙone musu rumbuna. Da yawansu suka sauka a tsofaffin rumfunan tashar jirgi, inda muke carafke da 'yar gala-gala idan an tashi makaranta, kuma ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne haushin an ƙwace mana wurin wasa. Mutanen gari sun yi iya ƙoƙarinsu, masallatai suna tara abin da ya samu, maƙwabta suna aika kwano, amma bakunan sun fi kwanukan yawa. Matan zumunta suna da wata tsohuwar ɗabi'a da ake kira damƙa: duk macen da za ta tuƙa tuwo, kafin ta zuba gari a tukunya sai ta damƙi hannu ɗaya ta ajiye gefe, ranar Lahadi a haɗa a babban daro don marasa lafiya da gwauraye. Mamata ce shugabarsu, sai ta ce daga yanzu damƙa ta koma ta yaran tasha. Kowace safiya a dama kunu a bayan coci, mu 'yan mata mu ɗauki bokitai a ka mu tsallaka layin dogo kafin a buga ƙararrawar makaranta. A nan na san Inna Tumba, wata tsohuwa mai jikoki huɗu da ba iyayensu, wadda ba ta taɓa karɓar ludayi ba sai ta ga kowane yaro ya sha. A gidanmu kuwa malmalar tuwo ta dinga ƙanƙancewa, har na yi wa Mama tsiwa na ce ita hannunta na damƙa ya fi na rabo girma, na sha dundu a baya.

Da bazara ta kama, abin ya fi ƙarfinmu. Malaman makarantar nan biyu suka nemi canjin wuri suka tafi, mai facin taya ya kwashe iyalinsa, gidaje uku na manoma suka koma wajen dangi. Waɗanda suka rage ba sa fasa zuwa sujada, ko da kuwa cikinsu na ƙugi ana jin sa lokacin addu'a, amma daro ya koma ana ganin gindinsa. Kunu ya zama ruwa-ruwa, daga nan ya zama na kwana bibbiyu. Ana cikin haka ne ƙaramin jikan Inna Tumba ya rasu, yaron da nake goyawa idan na je, wanda ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja. Ranar Lahadi da aka tashi, Fasto ya ce manya su tsaya, ni kuma na laɓe a bakin taga. Mama ta miƙe, ta ce ba sauran abin damƙa a gidan kowa, amma ga abinci a saman kawunanmu muna waƙa a ƙarƙashinsa. Ban taɓa ganin iyayena sun yi sa-in-sa a gaban mutane ba sai ranar. Baba ya ce saura wata biyu ruwa ya sauka, idan aka daka iri me za a shuka, kuma geron nan ba a samun sa a kasuwar Ƙaura ko ta Shinkafi, idan ya ƙare ya ƙare ke nan. Mama ta ce, "Baban Rahila, yaran can ba za su kai wata biyu ba." Fasto ya yi addu'a, bai yanke hukunci ba. Baba ya tashi ya fita ba sallama, kowa ya ɗauka fushi ya yi, can sai ga shi ya dawo da tsani a kafaɗa.

Shi ya hau da kansa, yana yanke igiya yana miƙowa. Da na ga fuskarsa sai tausayinsa ya kama ni, na faki ido na cusa zangarniya ɗaya cikin zanena. Na murje ta a ɓoye, na zuba a leda na ƙulle, na tona ƙasa a gindin randar ruwanmu na binne, domin a wautata wuri mai sanyi shi ne wurin ajiye abu mai daraja, kamar yadda Mama take ajiye goro. Sauran geron kuwa mata suka surfe, suka daka, suna waƙa a kan turmi wasu na share hawaye da gefen ɗankwali. Da na kai kunun farko, Inna Tumba ta kurɓa, ta tsaya, ta dube ni. Manomiya ce, harshenta ya gane. Ta ce, "Ɗiyata, wanga gero ba na kasuwa ba ne. Iri kunka daka muna?" Na ce e. Ta ajiye ƙoƙon ta rufe fuska da hannu biyu, ta daɗe ba ta buɗe ba. Kunun nan sati biyu ya yi.

Ranar da ruwan farko ya sauka na tona gindin randa da gudu, ina ta murna zan faranta wa Baba rai. Na kwance ledar a gabansa sai wari ya taso. Danshi ya shiga, ƙwayoyin sun tsiro fari fat a cikin duhu sun ruɓe, sun dunƙule da fumfuna. Baba ya zauna a bakin ƙofa ya baje su a faifai, ya fi awa yana tsintar waɗanda yake ganin da sauran rai. Ya shuka su a bayan coci, ya kewaye da ƙaya, kullum da safe sai ya je ya duba. Ko ɗaya bai fito ba. Na so a ce ya doke ni, amma abin da ya faɗa kawai shi ne, "Iri iska yake so, Rahila, ba sanyi ba." Daminar nan ma ba wanda ya taka gonakin nesa, ciyawa ta cinye su, kuma kafin wata godiyar ta zagayo mun tattara mun koma Zariya wajen ƙanin Mama.

Yanzu Baba gadi yake yi a wata makaranta, geron da muke ci daga kasuwa yake zuwa, idan an kawo sai ya ɗiba ya murza a tafin hannu ya mayar. Cocinmu na Ƙaura har yau ana buɗe shi ranar Lahadi, tsofaffi ƙalilan ne ke zuwa, kuma an ce mini matan da suka rage ba su daina damƙa ba. Inna Tumba da jikokinta uku ban san inda suka nufa ba, ban san ko sun kai girma ba. Na taɓa tambayar Baba ko yana da-na-sanin hawa tsanin nan, ya ce da za a sake, zai sake hawa. Na yarda da shi, kuma ina kewar mutanen nan da suka iya bayarwa alhali su ma yunwa suke ji. Ni ce dai har yau ban yafe wa kaina gindin randar nan ba.