Rabin Awar Da Na Ƙi Jira

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya same ni, ni mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, kuma ba zan ɓoye maka ba, na manta yadda ake jira. Direba ke buɗe mini ƙofa, masinja ke bin layi a madadina. Idan aka ce in ɗan zauna, sai in ɗauka raini ne.

Wata Asabar na sayo kifi a Kado, maiɗakina tana gyarawa ina tsaye ina yi mata iyayi, sai wuƙa ta zamo daga kan tebur, ni kuma na cafke ta da hannun dama. Yankan bai yi girma ba, amma yatsana manuni ya ƙi lanƙwasuwa. A asibiti aka ce jijiyar da ke jan yatsan ce ta tsinke, za a ɗinke ta ranar Talata. Likitar, wata mata ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta yi mini bayani cewa ba za a sa ni barci ba. Allura za ta yi mini a hannu, in jira kamar rabin awa, sannan a fara. Ta ce maganin aiki biyu yake yi, yana kashe zafi, yana kuma tsuke hanyoyin jini domin ta ga abin da take ɗinkewa, kuma na biyun ya fi ɗaukar lokaci. Na gyaɗa kai kawai, hankalina na kan taron da zan yi da babban sakatare ƙarfe goma sha biyu na ranar Talatar.

Da Talata ta zo aka yi mini allurar, aka ce in zauna a benci. Kusa da ni wani dattijo ne manomi daga Kuje, lauje ya yi masa irin ɓarnar da wuƙa ta yi mini, shi ma an yi masa tasa allurar yana jira. Minti goma ban cika ba na fara duba agogo ina tsaki. Dattijon ya dube ni ya ce, “Oga, yi haƙuri. Ko gishiri aka zuba a miya sai an bari ya narke.” Ko kallonsa ban yi ba. Na buga wa wani babba a asibitin waya, abokina ne tun makaranta, na ce an ajiye ni kamar kayan wanki. Ba a jima ba aka kira ni ciki, aka tsallake dattijon.

Likitar ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta. Ta sake ce mini lokaci bai yi ba, na ce hannuna ne, na fi kowa sanin ya mutu. Ta ɗan tsikare ni a tafin hannu ta tambaya ko na ji. Wallahi na ji, kaɗan dai, amma na ce ban ji komai ba. Wannan ƙaryar ita ce ta fi damuna har yau, don da ita na ɗaure mata hannu.

Da farko lafiya lau. Sai na ji tana ta neman auduga, jini ya hana ta gani. Da ta shiga ciki sosai, wani zafi ya ratsa ni har ƙeya, ban san lokacin da na fizge hannun ba. Ɗinkin da ta fara ya ɓalle, jijiyar ta ƙara zamewa cikin tafin hannu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta danne wurin, ta ƙara allura, ta ce a hankali, “Alhaji, yanzu za mu jira rabin awar nan.” Muka jira ta cur, ina kwance ina kallon silin, kunya kamar in nutse. Sai da ta tsawaita yankan kafin ta kamo jijiyar. Taron kuwa an yi shi ba ni, ba kuma wanda ya lura.

Wata uku ina zuwa asibitin ana gasa mini hannun. A can na sake haɗuwa da dattijon, yana dunƙule hannunsa yana buɗewa yana murmushi, har ya koma gona. Nawa yatsan tabo ya riƙe shi, bai ƙara lanƙwasuwa yadda ya kamata ba. Likitar ta ce ba za ta rantse fizgar ce kaɗai ta jawo ba, amma ni na san abin da na yi. Na ba ta haƙuri, ta ce ya wuce.

Sauri ya haifi nawa, girman kai kuma rawanin tsiya ne, na ɗaura na ji nauyinsa. Ɗan'uwa mai karatu, idan likita ya yi maka allura ya ce ka jira, ba wulaƙanci ba ne, jiran yana cikin aikin. In an tambaye ka ko kana jin zafi, faɗi gaskiya, kada ka nemi wani babba ya gajarta maka. Yanzu da babban yatsa da na tsakiya nake riƙe biro. Duk sanda na dunƙule hannu, huɗu su kwanta, manunin ya tsaya shi kaɗai, kuma na san wanda yake nunawa.