Malam Gado da Ɗigon Jikin Kwalba

Da an sallame asuba Malam Gado yake ɗaure allo a bayan kekensa, ya jefa alli da ƴar wuƙa a aljihu. Ranar kasuwa yana Jega, gefen masu sayar da maganin feshi. Sauran ranaku yana garinsu Alelu, in ya sami mota ya leƙa Jiga Birni ko Mungadi. Tsohon malamin lissafi ne na firamare. Tun da ya yi ritaya yake wannan yawo, ba wanda ya aike shi.

Karatunsa ba shi da yawa. Ya ɗauki albasa ya raba biyu: wannan shi ne 0.5, rabi, hamsin cikin ɗari. Ya sake rabawa: 0.25, kwata, ashirin da biyar cikin ɗari. Su ne lambobin da ke jikin kwalaben da muke feshe gonakinmu da su.

Asarar Magaji, ƙanen matarsa a Mungadi, ita ta fito da shi. Magaji ya saba da maganin da aka rubuta wa 0.5, an gaya masa rabin lita ne a duro. Da ya sayi sabo ya ga 0.25, sai ya ce ai ashirin da biyar ta fi biyar nesa ba kusa ba, ya juye kwalba biyu. Kafin mako ya zagayo albasarsa ta ƙone ƙurmus, gidansa suka shiga damina ba komai a hannu. Malam Gado ya je ya tsaya bakin gonar nan, ya ga ɓarnar da idonsa. Washegari ya nemo allo.

Kai ne, Malam, ka ɗauki jahilcinmu tamkar ciwonka. Kai ne mai bin fadama da alli lokacin da tsararrakinka ke kishingiɗe a inuwa. Albasa nawa ta tsira a ƙasar nan saboda kai, Allah kaɗai ya sani.

Amma a faɗi gaskiya: an ci moriyarsa, an ƙi karatunsa. Mutum ya miƙo kwalba ko zama bai yi ba. Mutane da yawa sun ji yadda suka yi da Alhaji Maigari, babban manomi a Jiga Birni.

"Malam, rana na yi. Nuna min dai inda zan tsaya da zubi."

"Alhaji, zamna kaɗan ka koya, ka huta da biɗata."

"In na koya, kai wane aiki za ka yi?"

Aka yi dariya, har da shi Malam. Ya ja layi da farce a jikin kwalbar, Alhaji ya wuce. Laifinka ɗaya ke nan, Malam: ba ka iya hana amsa ba, mu kuwa muka kwanta a kan kirkinka.

Bana yanar ido ta rufe masa gani. Zuwansa Jega na ƙarshe, ɗiyarsa Asma'u ce ta riƙo hannunsa. Wani ya miƙo kwalba, Malam ya ce a karanto masa lambar.

"Sifili, ɗigo, bakwai, biyar."

"To, nawa ke nan cikin lita?" in ji Malam.

Magidanta cike da rumfa, waɗanda suka shekara da shekaru suna tsayawa gabansa, kowa ya yi shiru. Malam ya jira, ya ƙara jira. Can ya ce, "Kwata ukku ne," ya nemi sandarsa.

Mun gode, Malam Gado. Allah Ya saka maka, Ya ba ka lafiya, Ya yafe mana sakacinmu. Ku kuma masu boko da ke zaune bakin titi kuna latsa waya, allon nan na jingine a zaurensa, yana jiran mai ɗauka. Manoma kuwa, idonsa ne ya tafi, kansa garau yake. Lokacin dashe ya matso. Wanda zai je Alelu ya bar kwalba a gida, ya je ya zauna.