Waken da Na Kai wa Gwaggo

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, a shekarar aka kori Inna. Kafin nan, babbar mota in ta taso daga Katsina, sai ta zo Magama ta sauya hannu sannan ta wuce Nijar. Babban fari bai zo ba tukuna, dam ɗin Jibiya kuwa ko zancensa ba a fara ba. Ni ina 'yar tallar fura tsakanin kwastan ɗinmu da duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ba ya gogewa.

Har yau in na ji ƙamshin man shanu bisa wuta sai in tuna ƙuruciyata. Da shi Inna ke murza wa ƙannena gaɓoɓi. Ni ce ta fari, lafiyata lau. Maza uku suka biyo ni, kowanne da ciwo iri ɗaya: hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa, in damina ta sauka da sanyinta ya yi ta ihu ƙashinsa na sara. Biyu suka tafi kafin yaye. Autan ya kai shekara biyar.

Inna 'yar ƙetare ce, daga wani ƙauye wajen Maraɗi. Gidanmu kuwa gidan alfahari, ba su aure sai a dangi. Baba kaɗai ya karya wannan, Gwaggo yayarsa kuma ba ta taɓa yafe masa ba.

Ranar da ciwon autan ya yi tsanani, da hantsi, gero ya fara fitar da kai, Gwaggo ta tara mata a tsakar gida. Ta ce, "Mu dai ba mu san binne yara a jere ba sai da aka kwaso mana wagga. Mayya ce. Ta saki kurwar yaro!"

Matar maƙwabci ta shimfiɗa tabarma, aka kwantar da shi. Aka ce Inna ta tsallaka shi sau uku, kamar yadda ake sa mayu, ta kuskure baki a ba shi ruwan ya sha. Ɗan da ta haifa! Ta tsallaka. Yaron ya miƙo hannu yana kiran ta, yana zaton ɗaukarsa za ta yi. Baba na zaure, ko leƙowa bai yi ba.

Bayan kwana biyu yaron ya rasu. Ranar uku aka ɗora wa Inna ƙwaryarta, aka kore ta. Na bi ta har sandar duwan, ta juyo ta gyara mini kallabi, ta ce in koma kada furata ta yi tsami. Cikin farin nan ta rasu can, da sunan mayya a kanta. Ni na girma ana janye yara in na ratso lungu.

Shekara hamsin da 'yan kai ina riƙe da wannan, kamar garwashi cikin toka.

To, bara jikata da ke karatun aikin asibiti ta zo hutu, ta tarar ina tsince wake, na ba ta labarin. Ta ce, "Kaka, wannan ai sikila ce." Ta ce jini ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kewayayyu, suna gudu cikin jijiya. Na mai ciwon sai su lanƙwashe kamar lauje, su cushe hanya, shi ne saran da yake ji. Ta ɗebi wake fari da ja daga faifaina. Ta ce kowane ɗa ƙwaya biyu yake gada, ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Mai fari da ja lafiyarsa lau, yana ɗauke da shi bai sani ba. Sai ja ya gamu da ja ciwo ke fita.

Na ce, "Tsaya, 'yar nema. Uwa ita kaɗai ba ta iya ba ɗa wanga ciwo?"

Ta ce, "Ko kusa. Sai da na uban."

Na sa ta maimaita sau uku, adadin tsallakar Inna.

Ku ji ikon Allah. Ɗan Gwaggo 'yar baffanmu ya aura, jinin gida tsantsa, babu ɗigon Inna a ciki. Cikin 'ya'yansu biyu na fama da wannan ciwo, an auna, an ba su takarda. Yaran ba su yi mini komai ba, in an kwantar da su ni ke kai kunu. Kakarsu nake nema.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, gida cike, na yafa mayafina mafi tsada na tafi wurin Gwaggo, jikata na biye da ni. Gwaggo ta makance, tana zaune bakin ɗaki. Na gaishe ta yadda ya kamata, don Inna ta koya mini ladabi. Sannan na buɗe tafinta na sa jan wake biyu, na rufe. Na ce, "Gwaggo, taɓa ki ji. Ɗaya na Inna ne, ban musa ba. Ɗayan na ƙanenki ne, na gidanku, wanda kuke ta aurar wa juna don kada ya gauraya." Jikata ta yi bayani, surukai da jikoki na saurare. Na ce, "Jikokinki wa ya kama? Wa za mu sa ya tsallaka su?"

Ta ce, "Ɗiyata, jahilci ne. Ki yafe mini."

Na ce, "Faɗi tukuna, su ji."

Ta ce, "Uwarki ba mayya ba ce."

"Ƙara murya. Ranar nan har maƙwabta sun ji ki."

Ta ƙara. Na miƙe na kakkaɓe zanena. Na ce, "Yafiya kuwa ba tawa ba ce. Mai ita na kwance bayan duwan. In kun gamu kya roƙe ta."

Yanzu kafin a ɗaura aure sai an auna jini, nawa jikokin ma ba mai kawo mini goro sai da takarda. Cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan ranar tsallakar Inna, saura mu uku: ni, da matar maƙwabci da ta shimfiɗa tabarmar, da Gwaggo. An ce waken na nan ƙulle a bakin zanenta, ta hana a kwance. Ni kuwa kullum ina roƙa mata tsawon rai.