Ta Zo In Gan Ta

Kakarmu Ige ba ta yarda a zauna mata gefen wuta yadda aka ga dama. Da an idar da sallar isha'i a gidanmu na Bakura, sai ta tura karan dawa cikin murhu, ta juya fuskarta sosai wajen haske, ta ajiye yayata Hassi dab da gwiwarta. Mu sauran jikoki, ko a bayan turmi muka zauna ba ruwanta.

"Ku kuna da kunne," in ji ta. "Wagga da ido taka ji."

Sanƙarau ne ya tafi da jin Hassi tun tana ƙarama, ya bar mata ɗan kaɗan. Amma in tana kallon bakinka, ba abin da zai wuce ta. Shi ya sa in Kaka ta buɗe tatsuniya muka amsa da "ta zo mu ji ta", ita Hassi sai ta ce, "Ta zo in gan ta." Kullum sai mun yi dariya, ita ma ta taya mu.

Shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori ne. Gari ya cika da baƙi, babanmu mahauci ba ya zama, kullum yana kai wa ma'aikata nama. Aka sa mu makarantar boko, aji ɗaya ni da Hassi. Ajin kamar kasuwa: 'ya'yan manoma, 'ya'yan leburori da ko Hausa ba su gama ji ba, manya da ƙanana. Malaminmu kuwa hanya ɗaya ya iya. Ya juya mana ƙeya, yana rubutu yana magana da allo, sannan ya waiwayo da bulala. Hassi doguwa ce, sai ya kai ta layin baya. Ya sa mata suna Kututture, yara suka ɗauka. Na tsani mutumin nan, har yau ban fasa ba.

Ranar da ta dawo da shatar bulala har wuya, Baba ya ce ta bar makarantar, ta riƙa kai masa tiren nama bakin hanya. Hassi ta yi ta kuka, don ta fi ni son karatu nesa. Da dare Kaka ta ga Baba zaune kusa yana wasa wuƙaƙensa, sai ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a wani gari na bakin gulbi an yi mai shela mai ji da kansa. Rawaninsa ƙato, kuma ba ya sauke amawali daga bakinsa. A garin akwai wata yarinya mai ji da ido. Rannan aka aike shi ya sanar ruwa na tafe, kowa ya hau tudu. Yarinyar ta ga mutane na ɗaure kaya, ta bi shi da gudu, ta ce, "Baba, sauke ƙyallen in ga abin da kake faɗi." Ya make ta da sanda, ya ce ba ta da kunya. Ta koma ɗaki ta kwanta tana kuka. Da safe aka tsinci zanenta a kan ƙaya. Da aka tambaye shi, sai ya ce, "Ni dai na yi shela. Kowa ya ji."

Muka jira ta rufe tatsuniyar kamar yadda ta saba. Ba ta rufe ba. Ta dubi Baba.

"Mamman, ka tai ka hwaɗa ma malamin ga shi maido ta gaba, shi dube ta in shina magana. Shi ke nan. Ba a hidda ɗiya makaranta don ƙeyar wani."

Baba ya gwada kaifin wuƙa a farcensa, ya yi murmushi. "Inna, ni mahauci in koya ma malami aikinai? Tatsuniya ta yara ce."

Hassi ba ta ga abin da ya ce ba, domin yana cikin duhu. Ta taɓa ni tana tambaya ko ya yarda.

Bai yarda ba. Kafin damina, wata tifar yashi ta taho ta bayanta a hanyar Talata Mafara, Hassi na ɗauke da tire a ka, ta bi ta kanta. Ba ta tashi ba. Mutane suka taru, direba ya sauko yana rantsuwa. Baba da kansa ya maimaita mana maganar direban: "Wallahi na yi oda. Kowa ya ji."

Kaka ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba.

Yanzu ni ma malama ce, har na fara furfura. Ana tara mu bita, a yi ta bayani kan yadda za a tafi da kowane irin yaro a aji. Ina saurara, ina ƙaruwa. Amma ni a gindin murhu na koyi nawa. Ranar farko nake neman wanda ke kallon bakina maimakon allo, in jawo shi gaba. Ina tsayawa inda hasken taga zai faɗo mini a fuska. In zan yi rubutu, sai in yi shiru har in gama. Yara na yi mini dariya, wai Malama ba ta iya magana da rubutu a lokaci ɗaya ba.

Na iya. Ba zan yi ba ne.