Imrana da kwamfutar surukinsa

A unguwar New Bell ta birnin Duwala aka haifi Imrana, ɗan tela ne. Ya fara da gyaran salula a kasuwar Nkololoun, daga baya ya yi karatun kwamfuta, ya dawo unguwa ya auri Zulfa, 'yar Alhaji Awalu mai fito wa 'yan kasuwa da kaya daga tashar jiragen ruwa. Alhaji bai so auren ba. Aikin hannun Imrana ne ya sa ya fara amsa gaisuwarsa da fuska a sake.

Alhaji yana da abokin aiki, Iro, Bakano da bai daɗe a Duwala ba. Ofishinsu ɗaya, babbar kwamfutarsu ɗaya, mai tsarin aiki na Linux irin na kamfanoni, amma kowa da manhajarsa ta bin sawun kaya. In aka sabunta ta wannan, sai ta wancan ta tsaya. Imrana ya girka musu manhajar da ke killace kowane aiki a akwatinsa, wadda masu sana'ar ke kira kwantena. Aka zauna lafiya, a cikin injin dai.

A waje abin ya lalace tun da wani babban mai kawo tayoyi ya bar Alhaji ya koma wa Iro. Wata safiya Alhaji ya kira Imrana, Iro na zaune.

"Wannan abin killace kaya da ka sa, cire min shi."

"Alhaji, injin nan ba gadon gidanku ba ne," in ji Iro.

"Kai da aka sauke jiya a tashar mota da buhu ɗaya? Ni na saye shi, ba zan ware maka ɗaki a ciki ba."

"Ɗakin mai tayoyi da ka gaji da leƙe bai buɗu ba, shi ke cin ka."

"Tais-toi! Rufe min baki! Imrana, ka ji ni."

Imrana ya san in manhajar ta fita, akwatunan biyu za su tsaya, har na Alhaji. Amma a wurinmu ba a gyara wa suruki magana, balle a gaban wanda yake faɗa da shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ya bi ta inda aka saba. Ya faɗa wa Zulfa, Zulfa ta faɗa wa mahaifiyarta, Hajiya Sabuwa. Su biyun ba wadda ta san kwantena sai ta bakin teku. Abin da ya isa kunnen Alhaji shi ne, Imrana yana roƙon a ƙyale Iro.

"Ashe mutumin Iro ne," in ji Alhaji. "Yau nake so a cire."

Imrana ya kwafe wa kowa bayanansa, ya tsayar da akwatunan, ya cire manhajar. Iro ya karɓi nasa ba godiya, ya ce ɗan tela ya yi aikin da aka aura masa mata domin shi. Kafin la'asar ya ɗora aikinsa a wani inji a unguwar Village. Na Alhaji kuwa shiru, ga masu kaya sun cika ƙofar ofis suna tambayar inda kayansu suka kwana.

Imrana ya ce a ba shi ɗan lokaci ya mayar.

"Hannunka ba zai sake taɓa min inji ba. Ka kashe nawa, ka raka Iro da nasa har mota."

Aka ɗauko wani daga cikin gari. Ni da nake unguwa ɗaya da su ban tambayi abin da mutumin ya girka ba, na dai ji yana ambaton kwantena.

Yanzu Imrana a unguwar Makèpè yake aiki, can suka tare shi da Zulfa. Zulfa takan zo gidan iyayenta ita kaɗai. Ranar Juma'a ina ganin Imrana a sahun baya a masallaci, yakan jira Alhaji ya fita ta ɗaya ƙofar kafin ya nemi takalmansa.