Kuku da Jiƙaƙƙun Jaridu

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana dafa wa masu binciken tsirrai abinci, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Kuku ake ce masa a jami'a, Kuku a unguwa, matarsa ma in ya ɓata mata rai haka take kiransa. Da wanke-wanke ya fara a ɗakin cin abincin ma'aikata. Wata rana aka nemi wanda zai bi ayari zuwa daji, kowa ya noƙe, shi kuwa da ƙafarsa ba ta san zama ba ya ɗaga hannu. Tun daga nan duk tafiyar da za a yi sai an loda shi a bayan mota tare da tukwane da buhun shinkafa.

Bai iya karatu ba, amma ya iya hura wuta ana tsuga ruwa, kuma da wannan yake tinƙaho. Ya ƙetare kogi da tukunya a ka, ya yi mako biyu a bakin kogon jemagu. In ya dawo 'ya'yansa suka kewaye shi sai ya yi ta zuba, macijin da ya kashe bara ya ƙara tsawo bana. Tafiya ɗaya ce tak ba ya ba da labarinta.

A shekarar wani dutse suka hau, kwana huɗu a ƙafa daga inda mota ta ƙare. Cikin ayarin akwai wata ɗaliba mai neman digiri na uku, ana ce mata Malama. Aikinta ta tsinko ganye ta shimfiɗa a tsakiyar tsohuwar jarida, ta jera su, ta danne da katako ta ɗaure tamau. A gefen kowace jarida takan rubuta lamba da fensir, lambar ce ke nuna inda aka tsinko ganyen a littafinta. Kuku yana ganin tana ɗan zane-zanenta, bai taɓa tambaya ba.

Sun kusa gamawa zazzaɓi ya kayar da ita. Farfesa, shugaban ayarin, da sauran suka haura ƙololuwa, suka bar ta a hannun Kuku. Kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Ya shiga tantin kaya ɗebo gishiri, sai ya ji ƙunshin ganyen nan ya fara warin ruma. Tausayi ya kama shi. Ya kwance igiyoyin, ya yini cur yana ɗauke ganye ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa cikin busasshiyar jarida, sama da ɗari uku, ko ɗaya bai karya ba. Jiƙaƙƙun kuwa ya shanya su a gefen murhu. Da suka bushe ya yi abin da kowane kuku zai yi da tsohuwar takarda a dajin da ice ke ɗigar ruwa, ya hura wuta da su.

Ranar da ta miƙe ta buɗe ƙunshin farko, ta buɗe na biyu, sai ta zauna dirshan a ƙasa. Farfesa ya ce ganyen da ba lamba shara ne, aikin wata uku ya tafi ke nan. Ita da bakinta ta ce tana tuna ta tashi cikin zafin ciwo ta taɓa kayan, lalle ita ce ta sauya su ba ta sani ba. Ba wanda ya waiwayi Kuku. Ya tuna 'ya'ya huɗu a gida da fuskar Farfesa in ya hasala, ya ja bakinsa ya tsuke. Ya ce a ransa zai faɗa a gangara. A gangara ya ce sai a mota.

Malama ta bar jami'a ta koma koyarwa a wata sakandare. Shi ya ci gaba da bin ayari har gwiwa ta ajiye shi, abin yana cinsa a rai, ko matarsa bai gaya wa ba.

Bayan shekara ashirin da biyu, wata la'asar autarsa ta leƙo ta ce ya yi baƙuwa. Sai da baƙuwar ta yi dariya ya gane Malama ce, ga furfura ga tabarau. Taro ya kawo ta garin, ta yi ta cigiya har aka nuna mata gidan. Suka gaisa, ta ce har yau tana ba ɗalibanta labarin mutumin da ya yi jinyarta a kan dutse. Ya yi ta murza gwiwa, can ya tambaye ta me ya sa ba ta koma daji ba, alhali ya ji Farfesa ya yi mata tayin tafiya ta gaba.

“Baba Kuku, wadda ta lalata aikinta da hannunta ba ta sani ba, ina za ta sake yarda da kanta? Tsoron kaina nake ji.”

Bai san sanda maganar ta fito ba. “Malama, ni ne. Na ga jaridun sun jiƙe, na sauya miki. Da su na dafa miki ruwan zafi.”

Ta cire tabarau ta ɗora a cinya. Shi kuwa yana jira ta zage shi, da ya fi samun sauƙi.

“Da ka faɗa a ranar,” in ji ta a hankali, “kwana uku zan yi ina fushi da kai. Shekara na zagayowa da na koma dutsen.”

Ta miƙe ta yi wa matarsa sallama da ladabi. Autar ce ta raka ta bakin titi, shi ya kasa tashi.