Daƙiƙa Biyun Malam Salisu

Duk wanda ya taɓa ajiye tuffa ko inabi a ɗakin sanyin Oga Meshach da ke bayan kasuwar Zuba ya san Malam Salisu mai gyaran wuta. Ni na fi kowa saninsa, don shekara goma sha ɗaya kayana suna hannunsa, kuma katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi haƙurin jin ƙarshen magana ba. Kana cewa "injin nan", ya riga ya suri sukundireba ya yi gaba. Matarsa Barira kan ce tun da aka kawo ta gidan, rabin magana take yi.

Bara aka sa wa wurin sababbin na'urorin kariya, waɗanda suke kira rile. Iri biyu ne. Ƙanana suna bakin kowane injin sanyi, in inji ya ja wuta fiye da kima sai nasa ya yanke shi, shi kaɗai. Babba kuma yana mashigar wuta, in ƙarfin wuta ya faɗi sai ya kashe wurin gaba ɗaya don kada injuna su ƙone. Kowanne ana saita masa ɗan lokacin da zai jira kafin ya yanke.

Salisu ya dubi wannan tsari ya ga rashin tarbiyya ƙarara. Ta yaya babba zai tsaya jira, yara su riga shi magana? Ya bar wa ƙanana rabin daƙiƙar da suke jira, ya share jiran babban tas.

Abin da ya shige masa duhu shi ne, in inji ɗaya ya shaƙe ya fizgi wuta, ƙarfin wutar wurin duka kan ɗan faɗi. Inji na uku kuwa tsoho ne, shaƙewa sana'arsa ce. Kafin ƙaramin rilensa ya motsa, babba ya kashe komai. Sau huɗu a mako guda. Inabina ya fara zufa, ni ma na fara. Salisu ya zagi masu ba da wuta, ya zagi janareta, har ƙadangarun kan taransifoma sun sami rabonsu.

Ranar Juma'a Oga Meshach ya kira shi a gabanmu, mu masu ajiyar kaya. "Salisu, wuta ya sake ɗauke one more time, zan kawo injiniya daga Legas. Ka ji ko?" Na ji tausayinsa sosai, don ban san shi da wata sana'a ba.

Da la'asar ya zauna a tsakar gidansa yana zana mini matsalar a ƙasa. Barira na gefe tana soya dankali. Ya ɗauki ɗaya daga kasko ya jefa a baki, zafi ya kama masa harshe, magana ta gagara. A wannan ɗan tsakanin Barira ta sami fili.

"Malam, in 'yan dako biyu suka yi faɗa a layin lemo, shugaban layi ke raba su, ko sarkin kasuwa ke rufe Zuba gaba ɗaya? Babba ai jira yake, sai an kasa."

Salisu ya haɗiye dankalin, ya dubi zanensa. Washegari ya ba babban rile daƙiƙa biyu.

Ranar Litinin ina wurin, sai inji na uku ya shaƙe. Fitilu suka dushe. Sai ƙaramin rile ya yi ƙas, fitilu suka dawo, sauran injuna suka ci gaba da gurnaninsu. Ba a sake maganar Legas ba.

Da yamma na leƙa gidansa in yi masa murna, na tarar Barira ta fara zancen mahaifiyarta da ke Abaji. Na ga leɓen Salisu yana motsi, ashe ƙirga ɗaya, biyu yake. Ita kuwa ta tsaya a tsakiyar magana, inda ta saba a katse ta.

"Ina jin ki," ya ce.

Ta dube shi, idonta ya kawo ruwa. "Na manta sauran, Malam. Ban saba kaiwa nan ba."

Ya ajiye sukundirebarsa a kan tabarma, ya gyara zama, ya jira ta tuna.